Yadda ake tsara haɗa inji mai ƙarfi na tsohuwar motar Amurka: daga Chevrolet 350 zuwa 383

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban inji mai silinda takwas ya cusa shi cikin matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO. Daga nan sauran kamfanonin Amurka suka bi sahu, aka samu su Chevelle SS da Camaro da Dodge Charger da Mustang masu manyan injina. Yau motocin nan sun haura shekara hamsin, kuma duk wanda ya mallaki ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsaya gaban bonet yana tunanin sake haɗa injin. A nan ne kuɗi ke salwanta, domin mutane da yawa sukan fara da sayen kaya, su koma yin lissafi daga baya. Ni a wurina inji a kan takarda ake fara haɗa shi. Sai kowane ƙarfe ya yarda da ɗan'uwansa a rubuce kafin a kwance noti ko ɗaya.

Zan yi misali da injin Chevrolet 350 (lambar tana nufin jimlar girman cikin silindojinsa a ma'aunin inci kubik), wanda ya fara fitowa a Camaro ta 1967, daga dangin ƙananan injinan V8 da kamfanin ya soma ƙerawa a 1955. Shi ne ya fi yawa, kayansa sun fi sauƙin samu, kuma mayar da shi 383 hanya ce da dubban mutane suka bi har ta zama burtali.

Mataki na farko: rubuta aikin da motar za ta yi

Ɗauki biro ka amsa tambaya uku. Ina motar za ta riƙa yawo, cikin gari da babbar hanya ko filin tsere? Wane fetur za ta sha kullum? Nawa ne a hannunka, ba wanda kake sa ran samu ba?

Mafi yawan masu irin motar nan yawon ƙarshen mako suke yi da ita. Injinsu yana rayuwa ne tsakanin juyi 1,500 zuwa 4,500 a minti, ba ya leƙa 6,000 sai jefi-jefi. Mai irin wannan tuƙi ƙarfin murɗa yake buƙata, wato abin da ke manna bayanka da kujera idan ka taka totur daga tsaye. Ƙarfin doki lissafi ne da ke fitowa daga gare shi: ka ninka ƙarfin murɗa (a ma'aunin lb-ft na Amurka) da yawan juyi a minti, ka raba da 5,252. Saboda haka inji zai iya nuna doki 500 a takarda don kawai yana juyi sosai, amma a danja ya zama raggo. Burin da nake ganin ya dace da titi shi ne doki wajen 400, da juyin da ba ya wuce 6,000. Rubuta wannan a saman takardarka, duk abin da za ka saya sai ya amsa masa.

Kan kuɗi kuwa, raba shi gida huɗu: aikin masu borin, kayan cikin inji, kayan saman inji, sai abin da ke kewaye da inji irin su giya da lagireto da birki. Ka ware wani abu a gefe, domin inji mai shekara hamsin ba ya rasa abin da ya ɓoye maka.

Mataki na biyu: bulok

Kada ka sayi fistin ko ɗaya kafin a wanke bulok a duba shi. Masu borin za su dafa shi a ruwan wanki, su gwada shi da maganaɗisu don gano tsagewar da ido ba ya gani, musamman tsakanin silinda da wajen mazaunin kirankishaf. Idan an taɓa yi masa borin a baya, a auna kaurin bangon silinda da na'urar sauti. Su ne za su gaya maka girman da ramin zai karɓa, sannan ka sayi fistin daidai da shi.

Shekarar bulok tana da tasiri ƙwarai. Na kafin 1986 sil ɗin bayansa ɓari biyu ne, daga 1986 ya koma guda ɗaya, kuma kirankishaf da fulawil na waɗannan biyun ba sa shiga wa juna. Daga 1987 aka fara yin bulok mai mazaunin tafet mai ƙafar nadi (tafet shi ne ƙarfen da kamshaf ke turawa don bawul ya buɗe). Da zan zaɓa, wannan na baya zan ɗauka, zan faɗi dalili idan mun zo kan kamshaf. Sai dai ka duba gefensa ko an huda wurin famfon fetur, domin wasu na baya-bayan ba a huda ba, sai dai ka sa famfon lantarki.

Mutane suna yawan jayayya a kan bulok mai noti biyu da mai noti huɗu a marufin kirankishaf. Ga doki 400, mai noti biyu da aka sa wa kusoshi masu kyau irin na kamfanin ARP ya wadatar. Lafiyayyen bulok mai noti biyu ya fi mai huɗu da aka rarake har bangonsa ya yi sirara.

Mataki na uku: inda 383 ke fitowa

Faɗin ramin silindar 350 inci 4.000 ne, tafiyar fistin kuma inci 3.48. Idan aka ƙara faɗin da 0.030 kaɗai, injin ya zama 355. Idan kuma aka sa kirankishaf mai tafiyar inci 3.75, irin na injin 400, sai lissafi ya canza. Ga yadda ake yi: 4.030 sau 4.030, sau 3.75, sau 0.7854, sau silinda 8. Amsa 382.7, shi ake kira 383, kusan lita 6.3. Dogon hannun kirankishaf ɗin shi ke kawo ƙarfin murɗa tun daga ƙasa, abin da mota mai nauyi kamar Chevelle take so ke nan.

A da sai an samo kirankishaf na 400 an rage wuyansa daga inci 2.65 zuwa 2.45 kafin ya zauna. Yanzu ana sayar da sabo wanda aka ƙera don wannan aiki. Shawarata ka sayi kirankishaf da konrod da fistin da zobe da metal a dunƙule daga wuri guda, kuma ka tambaya tun farko: daidaiton nauyinsa na ciki ne ko na waje? Idan na waje ne, dole damfar gaba da fulawil su kasance masu ɗauke da nauyin da ya dace da wannan kirankishaf ɗin. Wanda ya haɗa su ba daidai ba zai ji motar tana karkarwa har cikin sitiyari, kuma metal ba za su daɗe ba. Kirankishaf na zubi ya ishi titi. Na ƙirar ƙarfe 4340 sai mai niyyar sa wa injin abin hura iska ko yawan juyi sama da 6,500.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so kowa ya yi da hannunsa. Daga tsakiyar kirankishaf zuwa fuskar bulok inci 9.025 ne daga kamfani. Rabin tafiyar fistin 1.875. Konrod mai tsawon inci 6.0. Daga fil ɗin fistin zuwa samansa 1.125. Jimla 9.000. Ke nan fistin zai tsaya 0.025 ƙasa da fuskar bulok. Riƙe wannan lambar, yanzu za mu dawo kanta. Idan konrod ɗin mai inci 5.7 ne, na asali, fistin ɗinsa daban ne, ba a musanya su.

Tunda hannun ya ƙara tsawo, kawunan konrod za su nemi gogar bulok a ƙasan silinda da bakin tiren mai, wani lokaci har kamshaf. Ana ɗaura kayan a bushe, a juya a hankali da hannu, a sa alama da alli duk inda ya matso, a kwance, a ci wurin da garaya, a sake ɗaurawa. Ana neman tazarar da ba ta gaza inci 0.050 ba. Aikin yana cin yini, kuma sai an gama shi ake wankin ƙarshe.

Mataki na huɗu: matsi da fetur

Nan zan daɗe, domin nan ne injina da yawa suke mutuwa tun suna takarda.

Matsi shi ne yadda fistin ke danne cakuɗar iska da fetur kafin fulogi ya kunna ta. Yawansa yana ƙara ƙarfi, amma idan ya fi ƙarfin fetur ɗin, sauran cakuɗar sai ta fashe da kanta maimakon ta ci a hankali. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka a hawa. Wannan ƙarar tana fasa bakin fistin, tana dakan metal. Injinan ƙarshen shekarun 1960 suna da matsin 10 ko 11 ne saboda fetur na lokacin mai dalma ne. Da aka doshi daina sa dalma, General Motors ya sauke matsin injinansa a 1971.

Ga lissafin a kan namu injin. Kowace silinda tana sharar cc 784. Abin da ya rage a sama idan fistin ya kai ƙololuwa shi ne: ramin tof silinda cc 64, fakin mai kaurin 0.028 wajen cc 6, tazarar fistin da fuskar bulok wajen cc 2 (bayan an share fuskar, tazarar ta koma 0.010, kamar yadda za mu gani a ƙasa), sai gurbin bawul a kan fistin mai shafaffen kai cc 5. Jimla 77. Ka haɗa 784 da 77, ka raba da 77, za ka samu kusan 11.2. Wannan ya yi wa fetur na gidan mai yawa, ballantana da tof silinda na baƙin ƙarfe. Yanzu canza fistin zuwa mai kwarmin cc 18. Jimla ta zama 90, matsi ya sauko 9.7. Ka ga kwarmi ɗan kaɗan a kan fistin ya raba inji mai lafiya da wanda zai ci kansa. Fistin ɗin da ya ba 350 matsi mai kyau, irinsa a 383 zai wuce gona da iri.

Ga tof na baƙin ƙarfe, tsaya tsakanin 9.0 da 9.7. Na alminiyam yana saurin fitar da zafi, yakan jure wajen 10 ko ɗan sama. Waɗannan lambobin da fetur mai lamba 91 zuwa 93 na Amurka ake maganarsu, kuma ma'auninsu daban ne da na sauran duniya: 93 ɗinsu ya yi kusa da 98 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da Afirka. Wanda ya shigo da irin motar nan Kano ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ya nufi 9.0 ko ƙasa kaɗan. Dokin da zai rasa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin sabon fistin.

Sai tazarar nan ta 0.025. Tsakanin shafaffen ɓangaren fistin da shafaffen ɓangaren tof ana son tazarar 0.035 zuwa 0.045. Idan fistin ya matso haka, yana fesa cakuɗar zuwa tsakiya da ƙarfi, wuta ta ci da sauri, ƙarar tsakuwar ta ragu. Shi ya sa za ka ce wa mai borin ya share 0.015 daga fuskar bulok, fistin ya rage 0.010 a ciki, ka ɗora fakin 0.028, ka samu 0.038. Wanda ya ga matsinsa ya yi yawa ya ce bari ya sa fakin mai kauri, ya ɓata wannan tazarar, sau da yawa ƙarar ma ƙaruwa take yi. Da fistin ake gyara matsi.

Mataki na biyar: tof silinda

Inji famfon iska ne, ƙofarsa kuwa tof silinda. Tsofaffin tof na shekarun 1970 masu ramin cc 76 numfashinsu gajere ne, kuma kuɗin gyaransu yakan kai na sabo. Mai kuɗi kaɗan ya nemi tof na Vortec da suka fito a motocin ɗaukar kaya daga 1996, masu lambar zubi da ke ƙarewa da 062 ko 906. Raminsu cc 64 ne, suna shaƙar iska fiye da kusan duk tof na baƙin ƙarfe da kamfanin ya yi wa wannan inji. Amma suna da sharuɗɗa. Manifol ɗinsu daban ne, mai noti takwas. Marufin bawul ɗinsu ta tsakiya ake ɗaure shi. Kuma yadda suke daga kamfani, bawul ba ya iya buɗewa fiye da wajen inci 0.450 zuwa 0.480 ba tare da an rage kan jagoran bawul ko an canza sifirin ba. Ka sa kuɗin wannan a lissafi, ka gwada shi da farashin na alminiyam daga AFR ko Edelbrock ko Trick Flow. Idan na alminiyam za ka saya, maƙogwaron shiga mai cc 180 zuwa 200 ya dace da 383 na titi. Wanda ya fi haka faɗi, iska tana tafiyar hawainiya a cikinsa idan juyi ya yi ƙasa.

Mataki na shida: kamshaf

Shi mutane suka fi ɗokin saya, shi ya kamata ya zo kusan ƙarshe. Na fahimci abin da ke jan su, wannan gurnani mai tsalle-tsalle da mota ke yi a tsaye yana da daɗin ji. Sai dai gurnanin alama ce cewa injin ba ya numfashi da kyau a ƙaramin juyi. Babban kamshaf yana rage zuƙar manifol, birkin mota kuwa da wannan zuƙar yake samun taimako. Idan ta faɗi ƙasa da wajen inci 14 a geji, za ka taka birki ka ji shi kamar dutse.

Ga 383 mai matsin 9.5, nemi wanda tsawon buɗewarsa, idan an auna daga ɗagawar 0.050, yake tsakanin digiri 218 da 230, tazarar tsakanin ƙusoshinsa, wato tudun da ke tura tafet, kuma digiri 110 zuwa 112. Kamshaf da matsi tare suke tafiya: babba yana jinkirta rufe bawul ɗin shiga, yana zubar da matsi a ƙasa, saboda haka yana son matsi mai yawa. Ƙarami a kan matsi mai yawa kuma yana jawo ƙarar tsakuwa. Ka kira kamfanin da ke yin sa, irin su Comp Cams ko Howards, ka karanta musu takardarka gaba ɗaya, har nauyin mota da giya.

Dalilin da ya sa na fi son bulok na 1987 zuwa sama shi ne tafet mai ƙafar nadi. Tsohon tafet mai shafaffen gindi yana gogar kamshaf kai tsaye, yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinki da yawa, wanda aka rage a man motocin zamani. Idan ƙusa ɗaya ta cinye, garin ƙarfenta zai zaga duk injin, sai an sake kwancewa. Mai nadi ya fi tsada, ya kuma fi kwanciyar hankali. Ka tabbata haƙorin dilko ya dace da ƙarfen kamshaf ɗin. Lokacin ɗaurin gwaji, manna ɗan yumɓu a kan fistin, ka juya injin sau biyu, ka yanka yumɓun ka auna: a samu aƙalla 0.080 a bawul ɗin shiga, 0.100 a na fita.

Mataki na bakwai: shiga da fita

Girman kafireto ma lissafi ne: 383 sau 6,000, a raba da 3,456, ya ba da 665, wato yawan iskar da injin zai iya shaƙa a minti a ma'aunin da ake sa wa kafireto lamba da shi. Injin titi ba ya cika cikinsa ɗari bisa ɗari, saboda haka mai lamba 650 ya isa, 750 mai buɗe maƙogwaro na biyu da zuƙa shi ma yana zama lafiya. Manifol mai hawa biyu irin Performer RPM, bututun fetur inci 3/8, bututun hayaƙi daga tof inci 1 5/8 ko 1 3/4, salansa biyu masu inci 2.5. Auna tsayin manifol da kafireto da matatar iska, kada bonet ya ƙi rufuwa.

Mataki na takwas: sauran motar

Doki 400 a gaban giyar da aka yi wa 200 ɓarna ce ke jiran rana. Idan otomatik ce irin TH350, a sake haɗa ta, a sa mata kwanbata mai kamawa a wajen juyi 2,200 zuwa 2,600 don ta dace da kamshaf, da ƙaramin lagireto nata. Giyar aksul na baya kuma ka lissafa ta da tayarka. Da 3.73 da taya mai tsayin inci 26, a gudun kilomita 113 injin zai riƙa juyi wajen 3,370 in babu giyar hutu. Da giyar otomatik 700R4, wadda giyarta ta huɗu, wato ta hutu, 0.70 ce, zai sauko 2,360. Wanda zai riƙa doguwar tafiya ya san wanne zai zaɓa. Lagireto ya zama babba mai rumfar fanka, tamostat na digiri 82. Idan birkin gaba na ganga ne, mayar da shi na faifai kafin injin ya shiga.

Mataki na tara: awo, haɗawa da tayarwa

Kai wa mai borin fistin ɗin a hannu, domin kowace silinda da fistin ɗinta ake gogewa, tazarar kuma kamfanin fistin ne ke faɗa. Roƙe shi ya ɗaura farantin matsi lokacin gugar, don ramin ya ɗauki siffar da zai yi idan an ɗaure tof. Da kayan sun dawo, wanke bulok da ruwan zafi da sabulu da buroshi, ka goga farin ƙyalle a cikin silinda har ya fito fari.

Buɗe littafi ka rubuta kowane awo. Tazarar metal wajen 0.002 zuwa 0.0025. Bakin zoben sama wajen 0.018 zuwa 0.020 a ramin 4.030, ana gyara shi ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe a silindarsa. Kowane noti da sifana mai awo, bisa lambar wanda ya ƙera notin da man da ya ce a shafa. Bayan kowane fistin ya shiga, juya kirankishaf da hannu. Idan ya yi tauri farat ɗaya, tsaya nan ka nemo dalili.

Ranar tayarwa, cire dilko ka juya famfon mai da na'urar huda har mai ya fito a duk rokoki goma sha shida. Jera wayoyin fulogi 1-8-4-3-6-5-7-2, cika kafireto da fetur don ya tashi bugu ɗaya, ajiye abin kashe gobara kusa, ka sa mutum ɗaya ya zuba wa gejin mai da na zafi ido kawai. Mai shafaffen tafet, da ya tashi a kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, a riƙa ɗan hawa da sauka na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi ya yi silo. Jimlar tayamin a fara da digiri 32, a ƙara a hankali ana saurare, tof na Vortec ba kasafai yake son fiye da 34 ba. Bayan wannan zagayen juye man da zafinsa, ka yanka matatar mai, ka baje takardar cikinta a rana. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar toka ba komai ba ne a sabon inji. Idan ka ga ɓarɓashi mai launin tagulla ko wanda maganaɗisu ke ɗauka da yawa, kada ka sake tayar da shi sai ka sauke tiren mai ka duba metal.